Maganin Daidaita Bugun Zuciya: Lokacin Hutu Da Lokacin Aiki

Zuciyar babban mutum tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti guda in yana hutawa. In ya ɗauki hauya ya shiga gona, bugun yakan ƙaru, domin jiki yana bukatar ƙarin jini. Akwai wani ɗan wuri a saman zuciya, wajen dama, wanda yake ba da umurnin kowane bugu. In umurnin ya rikice, sai zuciya ta riƙa gudu ko tsallake ba dalili. A nan ne lokotoro yake rubuta maganin daidaita ta.

Aikin maganin ga mai hutu dabam yake da aikinsa ga mai noma. Ga iri uku, da sunayensu kamar yadda suke a jikin kwali:

1. Propranolol da Aténolol: suna rage bugu lokacin hutu, kuma suna hana zuciya yin sauri lokacin aiki. Shi ya sa mai shan su yake gajiya kafin abokan nomansa. Kada a ce masa rago. Mai ciwon asma ya faɗa wa lokotoro tun farko.

2. Digoxine: yana lafar da zuciya in mutum yana zaune, amma ƙarfinsa kaɗan ne in aiki ya yi zafi. Zawo da amai suna ƙara haɗarinsa, domin suna rage gishirin jiki.

3. Flécaïnide: ƙarfinsa yana ƙaruwa in zuciya ta yi sauri, saboda haka illarsa tana iya ɓoyewa sai lokacin aiki. A 1989, wani bincike a Amurka ya nuna yana ƙara mutuwa ga waɗanda jijiyar zuciyarsu ta taɓa toshewa.

Abin da ya kamata a yi

Ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, gefen babban yatsa, ka ƙirga bugu na minti guda, da safe da kuma bayan aiki. Ka rubuta, ka nuna wa lokotoro. Kada ka bar magani farat ɗaya don ka ji sauƙi. Kada ka saye shi wurin masu tallar ƙwayoyi a kasuwa. In ka ji jiri, ciwon ƙirji, ko numfashi ya gaza, ka ajiye hauya. A kai ka gidan likita ba jinkiri.

Tambayoyi

1. Sau nawa zuciya take bugawa lokacin hutu?
2. Me ya sa mai shan Aténolol yake saurin gajiya a gona?