«Mutu» da «rasu» a rubutun ɗalibai

Ɗalibin da aka ba aikin nazarin mutuwa a adabi yakan ruga ga jigo, ya tsallake aikatau, alhali a nan marubuci yake ɓoye hukuncinsa. Mai daraja ya rasu, ko ya riga mu gidan gaskiya. Jaki ya mutu. Wanda aka rena ya mace. «Rasu» daga «rasa» ta fito, tana aji na 7 a tsarin da Parsons ya shimfiɗa a 1960, wato rashin da masu rai suka yi take dubawa. Shi ya sa na'ura ba ta samun wannan girma. Salula takan mutu, a kashe rediyo, amma ba mai cewa mota ta rasu sai mai barkwanci.

Shafin mamaci ya fi wuyar nazari. Tun 2009 Facebook yake barin irinsa domin tunawa. A zaman makoki «Allah ya jiƙansa» ake cewa. A shafin kuwa ƴan'uwa sukan rubuta «Allah ya jiƙanka», da wakilin suna na mutum na biyu, kamar yadda mai marsiyya yake kiran wanda ba zai amsa ba.