DARASIN ƘUNGIYA: CANZA ABINCIN YAU DA KULLUM DOMIN RAGE ƘIBA

Darasinmu na wannan wata ya shafi abin da ke shiga kwanonmu safe da rana da dare. Muna roƙon magatakarda ya karanta shi da ƙarfi a taron ƙungiya, a tsaya a kowane sashe a yi magana, sa'an nan a amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

Wa darasin ya shafa?

A ƙauyukanmu har yanzu akwai gidajen da hatsi ke ƙarewa kafin sabon amfani ya nuna, akwai kuma yaran da ba su samun isashen abinci mai gina jiki. Wannan darasi ba domin a rage musu ba ne. Domin manya ne waɗanda jiki ya yi musu nauyi, tumbi ya fito, gwiwa tana ciwo, numfashi yana yankewa in sun hau ɗan tudu. Irin waɗannan suna ƙaruwa a cikinmu, musamman masu shekara arba'in zuwa sama. Sau da yawa a gida ɗaya za ka ga uwa mai ƙiba da yaro ramamme. Abincin gidan tuwo ne da mai da sukari, babu wake, babu ganye, kowa ya cutu ta hanyarsa.

Abin ya game duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas yana da ƙibar da ta wuce kima, kuma yawan manya masu irin wannan ƙiba ya ninka fiye da sau biyu tun 1990.

Me ya sa za mu damu?

Mun saba cewa mai ƙiba ya ji daɗi, ko kuwa mijinta yana kula da ita. In mutum ya rame sai a fara raɗa, ana cewa ko wata cuta ce. Saboda haka mutane da yawa suna jin tsoron rage jiki. Amma kitsen da ke taruwa a ciki yana kewaye hanta da hanji, shi ne kan gaba wajen jawo hawan jini da ciwon sukari. Daga hawan jini sai shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da ciwon ƙoda. Ciwon sukari kuma yana ɓata ido, yana hana miki warkewa, har akan yanke wa wasu ƙafa.

Ku duba ta wajen aljihu. Waɗannan cututtuka ba irin zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a warke. Magani ne na kowane wata, shekara da shekaru. Kuɗin taki da kuɗin makarantar yara su ne za su tafi kantin magani. In maigida ya kwanta a tsakiyar damina, wa zai yi masa noman biyu? Wa zai biya rancen ƙungiya? Lafiya uwar jiki ce, ita ce kuma jarin manomi na fari.

Yadda ƙiba ke samuwa

Kowane manomi ya san yadda ake turke rago. A ɗaure shi wuri ɗaya, a hana shi yawo, a ba shi dusa da harawa da ƙowar wake ya ci iyakar cinsa. Bayan wata uku sai ya yi kitse. Jikin mutum ma haka yake. Abin da ka ci ya fi ƙarfin aikin da ka yi, jiki ba ya zubar da shi, yana ajiye shi ya zama kitse.

Kakanninmu sun ci tuwo da yawa, amma sun yi noma da hannu daga safe har yamma, sun tafi kasuwa da ƙafa, mata sun yi daka da niƙa, sun ɗebo ruwa daga rafi. Yanzu akwai babur, akwai injin niƙa, akwai maganin ciyawa da ya rage noma, wasu kuma suna haya ta tarakta. Waɗannan duka alheri ne, ba mai cewa a koma baya. Sai dai aikin ya ragu, malmalar tuwo ba ta ragu ba. Ga kuma baƙin abubuwa da suka shigo: lemon kwalba, burodi, taliyar leda, farar shinkafa, fanke da cincin, da shayi mai sukari da madarar gwangwani.

Akwai kuma batun rani. Da damina manomi yana ƙona abin da ya ci a gona. Bayan girbi aiki ya yi sauƙi, hatsi ya cika rumbu, kuɗi ya shigo, ga bukukuwan aure da na ƙarshen shekara. Mutum yana cin abincin mai huɗa alhali zaman inuwa yake yi. Kilo biyu bana, kilo biyu baɗi, kafin shekara goma riga ta ƙi shiga.

Gwajin igiya

Ba sai da sikeli za ka san matsayinka ba. Samo igiya ko zare, ka auna tsawonka daga tafin ƙafa zuwa tsakiyar kai, ka yanke. Ninka igiyar biyu. Sai ka kewaya cikinka da ita, ɗan sama da cibiya, tsakanin haƙarƙari na ƙasa da ƙashin kwankwaso. Kada ka shanye ciki. In bakunan igiyar sun haɗu, madalla. In ba su haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Ƙa'idar ita ce kewayen cikin babban mutum kada ya kai rabin tsawonsa. Wannan gwaji ba na mace mai ciki ba ne.

Canje-canje bakwai

Ba za mu ce ka bar abincin gidanku ka nemi na Turawa ba. Yawancin abin da kake bukata yana cikin rumbunka da bayan gidanka.

1. Fara da abin sha. Robar lemo ta rabin lita takan ɗauki sukari har giram 50, wato wajen ƙwayar sukari 12. Wa zai iya tauna ƙwaya 12 a zama ɗaya? Amma a cikin ruwa sai su wuce, ciki kuma bai san an ci kome ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin babban mutum na yini kada ya wuce wajen giram 50, in ya tsaya a 25 ya fi kyau. Ka ga roba ɗaya ta cinye rabon yini duka. Ko gwamnatin Nijeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin wannan lemo cikin dokar kuɗi ta 2021. Sha ruwa. In za a yi zoɓo ko kunun zaƙi ko koko, a rage sukari da rabi, a ƙara citta da kanumfari. Bayan mako biyu ko uku harshe zai saba. Burkutu da giya su ma suna cikin masu ƙara tumbi, ban da sauran ɓarnar da suke yi wa gida.

2. Auna mai da cokali. Mai ya ninka hatsi ƙarfi fiye da sau biyu: giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na gari kuwa wajen 4. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori wajen 120, kusan abin da tafiyar rabin sa'a take ƙonawa. Uwargida, a daina tuttula mai daga kwalba kai tsaye. A zuba a cokali a ƙirga. Miyar da mai ke yawo a samanta ta wuce kima, kuma kuɗi ne ke yawo.

3. Dafa maimakon soya. Wake ɗaya ne ake yin ƙosai da alala da shi, amma ƙosai ya sha mai, alala kuwa turara ta aka yi. Haka doya da dankali: dafaffe ko gasasshe ya fi soyayye. Awara ma ana iya sa ta a miya ba tare da an soya ba. Kifi a gasa, nama a yanke kitsen kafin a sa a tukunya.

4. Gyara kwano. Mun saba tuwo ya cika kwano, miya 'yar kaɗan a gefe. Juya abin. Rabin kwano ya zama ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko ƙwai ko nama, sauran kashi ɗayan tuwo ko shinkafa ko doya. Mai cin malmala uku ya koma biyu, mai biyu ya koma ɗaya da rabi. In ana ci a kwano ɗaya da jama'a, ɗebi naka a ƙaramin kwano domin ka ga abin da ka ci. Ci a hankali, gama ciki yakan ɗauki ɗan lokaci kafin ya sanar da kai ya ƙoshi.

5. Koma ga hatsin gargajiya, kada a cire dusa duka. Gero, dawa, acca da tamba suna riƙe ciki, musamman in ba a surfe su fes ba. Dusar da muke ba awaki tana ɗauke da abin da ke hana yunwa saurin dawowa, yana kuma gyara bayan gida. Farin garin masara da aka cire wa kome, da burodi, da farar shinkafa, suna narkewa da sauri, kafin azahar yunwa ta dawo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 domin gero da danginsa, abincin da wasunmu suke raina wa suna cewa na talaka ne. Gwaten acca da ganye, faten wake, da dambu mai zogale da yawa abinci ne na ƙwarai ga mai son rage jiki, in dai an kiyaye mai.

6. Ganye kowace rana. Shawarar masana ita ce giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a yini, wato wajen cikin tafin hannu biyar. Muna da zogale, rama, alayyafo, yakuwa, tafasa, kuka, kuɓewa, kabewa, gauta, kabeji da karas. Kwaɗon zogale ko na rama yana cika ciki, sai dai a yi hankali da yawan ƙuli-ƙuli da mai. In kwaɗayi ya taso tsakanin abinci, a ci gwaiba ko gwanda ko lemon zaƙi ko gauta maimakon fanke. A ci 'ya'yan itacen da kansu, ya fi a matse ruwan a sha. Gyaɗa tana da kyau amma mai ne da ita, cikin hannu ɗaya ya isa.

7. Rage gishiri. Gishiri ba ya sa kitse, amma yana ta da hawan jini, abokin tafiyar ƙiba. Rabon babban mutum na yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokali ɗaya, a haɗe da wanda ke cikin abinci. Dunƙulen magi wajen rabinsa gishiri ne. A rage shi, a ƙara daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da busasshen kifi.

Kada a yi gaggawa

Wasu sukan bar cin abinci kwana da kwanaki, ko su sayi shayin rage ƙiba da garin magani a kasuwa. Yawancin waɗannan zawo da fitsari suke sawa. Ruwa ne yake fita, kitse yana nan, wasu kuma suna iya taɓa ƙoda da hanta. Wanda ya ƙi karin kumallo yana iya ramawa da dare, ya ci da yawa ya kwanta. Ci sau uku daidai gwargwado, na dare ya zama mafi sauƙi.

Rabin kilo a mako ya isa. Ba kuma sai mutum ya koma siririn saurayi ba. A wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda aka buga sakamakonsa a 2002, an ɗauki mutanen da ke bakin kamuwa da ciwon sukari, aka taimake su su rage wajen kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a mako. Cikin shekara uku, kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin ɗari in aka gwada da waɗanda ba su yi haka ba. Ga mai kilo 80, wannan kilo biyar ne da 'yan kai. Minti 150 kuwa rabin sa'a ne sau biyar a mako. Da rani, ajiye babur ka tafi gona ko sujada ko kasuwar kusa da ƙafa. Sannu ba ta hana zuwa.

Gargaɗi

Mace mai ciki da mai shayarwa kada su shiga rage abinci sai da shawarar ma'aikacin lafiya. Kada a rage wa yara abinci, sai dai a rage musu alewa da lemon kwalba. Mai shan maganin ciwon sukari ko na hawan jini ya gaya wa likitansa kafin ya canza ci, kada kuma ya bar magani da kansa. In mutum yana ramewa ba tare da ya nema ba, musamman da tari mai daɗewa, ko yawan ƙishirwa da fitsari, wannan ba abin murna ba ne. Ya tafi asibiti a gwada shi.

Aikin ƙungiya

Mutum ɗaya ba ya iya canza tukunyar gida. Maigida ne ke kawo cefane, uwargida ce ke girki, sai sun shirya tare. Ƙungiya kuma tana da abin yi. Sikelin da muke auna hatsi zai iya auna mutum sau ɗaya a wata, magatakarda ya rubuta wa duk mai so, ba tare da ba'a ba. Ana iya gayyatar ma'aikacin ɗakin shan magani ya zo ya gwada jinin membobi. Ana iya keɓe 'yar kadada a fadama domin lambun rani, kowane gida kuma ya dasa zogale a jikin danga. A taronmu da bukukuwanmu a yi shawara ko za a riƙa kawo ruwa da zoɓo mai ɗan sukari da 'ya'yan itace, a rage katan-katan na lemo.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me iyayenmu suke ci da safe, me muke ci yanzu?
2. Nawa gidanka yake kashewa a wata a kan sukari, lemon kwalba, mai da magi?
3. Me mutanen garinmu suke faɗa in wani ya rage jiki? Yaya za mu ƙarfafa shi?
4. Waɗanne ganyaye ne za mu iya shanyawa a inuwa da kaka domin su kai mu rani?
5. Cikin canje-canje bakwai ɗin nan, wanne ne ya fi wuya a gidanka, don me?

Kafin taro na gaba, kowa ya yi gwajin igiya, ya zaɓi canji biyu kawai ya fara da su a gidansa. A zo da igiyar taro mai zuwa, za mu ji yadda aka ƙare.