DARASI NA TARA: SAHALE TSARIN GINA MATATAR GURƁATACCEN RUWAN MASANA'ANTU

9.0 Gabatarwa

Wannan darasi yana bayani ne a kan matakan da hukuma ke bi kafin ta amince wa masana'anta ta gina wurin tace gurɓataccen ruwanta. Manufa ita ce ɗalibi ya fahimci batun, ya naƙalci keɓaɓɓun kalmominsa, sannan ya iya bayyana shi ga ɗalibansa da al'ummarsa cikin ingantacciyar Hausa.

9.1 Tushen Matsalar

Kusan kowace masana'anta tana amfani da ruwa, tana kuma fitar da shi bayan ya gurɓata. A ƙasar Hausa, misali mafi shahara shi ne na majemun zamani da ke unguwannin masana'antu na Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano. Majemin gargajiya yana jima da bagaruwa da toka, amma majemar zamani tana aiki da sinadarin kuromiyam, wanda ke da illa ga lafiya idan ya taru a ruwa ko a ƙasa. Ruwan Sharaɗa kan bi rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, na Bompai kuwa kan bi rafin Getsi ya haɗu da Jakara har zuwa madatsar ruwa ta Wasai. Manoman rani suna ban-ruwa a gefen waɗannan rafuka, don haka abin da masana'anta ta zubar yana iya komowa cikin tukunyar miya.

9.2 Dokoki da Hukumomi

A shekarar 1988 aka gano shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda ke jihar Delta a yau. Wannan ya sa gwamnati ta kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya, wato FEPA, a wannan shekara. A 1991 aka fitar da ƙa'idojin da suka wajabta wa kowace masana'anta ta tanadi kayan tace ruwanta kafin ta sake shi. A 1992 aka yi Doka ta 86, wadda ta tilasta yin nazarin tasirin manyan ayyuka a kan muhalli kafin a fara su. An narkar da FEPA cikin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya a 1999, sannan a 2007 aka kafa hukumar NESREA domin tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli.

9.3 Matakan Sahalewa

A ƙaddara wani ɗan kasuwa yana son kafa majemar zamani kusa da Danchadi a ƙaramar hukumar Boɗinga, ganin yadda fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna a duniya. Ga matakan da zai bi:

(a) Zai miƙa bayanin aikin ga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, jami'anta su ziyarci filin, su yanke irin zurfin nazarin da ake buƙata.

(b) Masana za su gwada ruwan rijiyoyi da ƙasa da iskar yankin tun kafin a sa tubali, domin a sami abin kwatantawa nan gaba.

(c) Za a rubuta rahoto wanda ya ƙunshi taswirar matatar: ragar da ke tare gashi da tsoka, da tankin da laka ke kwantawa, da wurin cire kuromiyam, da tafkin da ake hura wa iska domin ƙwayoyin halitta su cinye sauran ƙazanta, da kuma inda za a kai lakar da ta rage.

(d) Za a baje rahoton a bainar jama'a na tsawon ranakun aiki 21, domin kowa ya duba ya faɗi ra'ayinsa.

(e) Kwamitin masana zai tantance rahoton, ya nemi gyara idan akwai, daga nan ma'aikata ta ba da takardar amincewa ko ta hana.

Baya ga wannan, sai hukumar tsara birane ta jiha ta ba da izinin gini. Hikimar duba taswira tun a takarda ita ce, gyara zane ya fi rushe gini sauƙi. Rigakafi, in ji Bahaushe, ya fi magani.

9.4 Matsayin Malamin Hausa

Mataki na (d) shi ne ƙofar da doka ta buɗe wa talaka, sai dai da Ingilishi ake rubuta rahoton. Manomin fadama a Danchadi ko Shagari ba zai iya ƙalubalantar abin da bai fahimta ba, idan kuma wa'adin ya wuce, damarsa ta ƙuntata. A nan ne ake buƙatar malami mai iya fassara. Hanyoyi uku yake da su: aron kalma tare da daidaita ta da tsarin sautin Hausa, kamar tanki da famfo da injiniya, faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, kamar matata da taswira, da ƙirƙirar suna mai bayani, kamar tankin kwantar da laka. Wajibi ne ya bambanta tacewa da tsarkakewa, domin ruwan da ya fito daga irin wannan matata ya cancanci a sake shi a rafi ne kawai, bai zama na sha ba.

9.5 Auna Fahimta

1. Kawo matakai biyar na sahale tsarin gina matata.
2. Me ya sa ake gwada ruwan rijiyoyi kafin a fara gini?
3. Kawo kalmomi uku na aro daga wannan darasi, ka bayyana yadda aka daidaita su da sautin Hausa.
4. Rubuta sanarwar rediyo da ba ta wuce kalmomi 100 ba, wadda ke kiran mutanen Danchadi su je su duba rahoton da aka baje.