Jakar Iska da Matsalar Daidaito a Jikin Kifin Ado: Nazarin Suna da Abin da Yake Nufi

1.0 Gabatarwa

Mai kiwon kifin ado a akwatin gilashi kan wayi gari ya tarar da kifinsa ya yi rigingine a saman ruwa, ko ya kwanta a ƙasa ya kasa tasowa, alhali yana numfashi, har ma yana neman abinci. A Turanci suna guda ake kiran wannan hali da shi, wanda fassararsa kai tsaye ita ce "ciwon mafitsarar iyo". Wannan maƙala tana ganin akwai gyara biyu a sunan. Na farko, mafitsara a kunnen Bahaushe ma'ajiyar fitsari ce, ita kuwa wannan gaɓa iska take riƙewa, shi ya sa aka zaɓi "jakar iska" a nan. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, abin da ido ke gani alama ce kawai. Cututtuka daban-daban ke haifar da ita, wasu ma ba su taɓa jakar ba.

2.0 Yadda Jakar Take Aiki

Tsoka da ƙashi sun ɗara ruwa nauyi, don haka kifi zai nitse in babu abin da zai tallafe shi. Jakar tana kwance tsakanin ƙashin baya da hanji. A kifin kogi da tafki takan kai kimanin kashi 7 cikin 100 na girman jiki, a kifin teku kuwa kashi 5, domin ruwan gishiri ya fi ɗaukar kaya.

Ta hanya biyu kifaye ke cika ta. A wasu, wani siririn bututu ya haɗa jakar da hanyar abinci, sai kifin ya taso ya haɗiyi iska, in ta yi yawa ya yi gyatsarta. A wasu, irin su karfasa, jakar rufaffiya ce. Daga jini iskar ke shiga, ta jini kuma take fita, aikin da ke tafiya sannu a hankali. Tarwaɗa, mai zama a ƙasan ruwa, tata jakar ƙarama ce ƙwarai. Ita kuwa gaiwa huhu gare ta sosai, kuma huhu da jakar iska tushensu ɗaya. Darwin, a littafinsa na 1859, ya ɗauka daga jakar huhu ya samo asali; masana na yau sun fi karkata ga akasin haka.

3.0 Kifin Zinariya

Kifin da matsalar ta fi addaba shi ne kifin zinariya, Carassius auratus, wanda kiwonsa ya kafu a ƙasar Sin zamanin daular Song (960 zuwa 1279). Yana cikin masu bututu, kuma jakarsa ɗaki biyu ce, na gaba da na baya. Ɗakin gaba yana haɗe da kunne ta wasu ƙananan ƙasusuwa da Ernst Heinrich Weber ya bayyana a 1820, wato jakar tana taimaka wa ji.

Ɗaruruwan shekaru masu kiwo suka yi suna zaɓen kifi mai gajeren jiki da ƙaton ciki, har aka samu nau'o'i irin su oranda da ryukin da ranchu. Ƙashin bayan ya gajarce ya lanƙwashe, kayan ciki suka cunkushe, ɗakin baya ya ƙanƙance ko ya karkace. Kyan da ake saya da tsada shi ne tushen lalurar. Irin wannan kifi, 'yar iska kaɗan a hanji ta isa ta kifar da shi, abin da ɗan'uwansa mai dogon jiki ba zai ma ji ba.

A nan ne haɗarin suna guda yake. Kifin da ya haɗiyi iska wajen cin abinci mai yawo a saman ruwa, ko ya yi ƙabzar ciki saboda sanyi ya rage masa narkewar abinci, jakarsa lafiya lau take. Wani kuma ƙwayoyin cuta ne suka kumbura jakar ko ruwa ya taru a cikinta, sai ya nitse. Wani ƙoda ce ta kumbura ta ture jakar, ko ƙwai ya cika ciki. Gurɓataccen ruwa kuwa yana share wa yawancinsu fage. Wanda ya ɗauke su cuta ɗaya, magani ɗaya zai ba su.

Saboda haka ruwa ake fara aunawa, a duba amoniya da sauran dattin da kashin kifi ke bari, a canza wani sashe nasa. Sannan a hana kifin abinci kwana 2 zuwa 3, a koma ba shi mai nitsewa. Masu kiwo sun yi imani da dafaffen koren wake da aka ɓare. Yana iya sassauta hanji, amma ba shi da abin yi wa ƙoda ko jakar da ta cika da ruwa. In kwanaki sun wuce babu sauƙi, hoton ƙashi ne ke nuna girman jakar da matsayinta, likitan dabbobi kuma na iya zuƙe iskar da allura, ko da yake sau da yawa takan dawo. Kafin nan, kifin da ke yawo a sama fatarsa da ta fito waje takan bushe ta zama gyambo, wanda ya nitse kuma tsakuwa kan goge masa ciki, don haka akan kwashe masa tsakuwar a rage zurfin ruwan.