Idan Mota Ta Ƙi Tashi, Saurare Ta Kafin Ka Taɓa Aljihu

Jama'a, babu abin da ke cinye kuɗin mai tsohuwar mota kamar canki-canki. Mota ta ƙi tashi da safe, wani ya ce batir ne, a je a sayo. Ta ƙi, wani ya ce kik ne, a sake shi. Can da la'asar a gano ashe wata 'yar waya ce ta saki. Kuɗi sun tafi, ga cefane yana jira. Alhali kuwa mota tana faɗin ciwonta da bakinta, in an kasa kunne.

Ya kai mai mota, in ka murɗa makulli, lura da abin da ka ji. In ka ji shiru, ko ka ji ƙas-ƙas-ƙas kawai, to wuta ce ba ta isa ba. Kunna fitilun gaba, ka sa yaro ya tsaya yana kallo, ka sake murɗawa. In suka dushe kamar aci-bal-bal, laifin yana wajen batir ko kawunansa. Kada ka yi gaggawar yanke wa batirin hukunci. Buɗe bonet ka duba kawunan nan biyu. Sau da yawa za ka tarar da wani farin gari, ko mai kore-kore, ya lulluɓe su, ko kuwa sun yi sako-sako har hannu yana juya su. Wannan ba ya bukatar ko kwabo. Ɗauki sufana, galibi mai lamba 10, ka fara kwance kan da ke da alamar ragi, sa'an nan mai alamar tarawa. Jiƙa 'yar kanwa a ruwan ɗumi ka wanke su, domin kanwa tana kashe kaifin asid, ka kankare su su yi fes, ka shanya, ka mayar da na tarawa kafin na ragi, ka ɗaure tamau. Amma fa ban da taba ko ashana a wurin, don batir yana fitar da iska mai kama wuta, ruwansa kuma yana cin tufa da fata.

In hakan bai yi ba, kai batirin wurin mai caji ya auna. Lafiyayyen batir cikakke yana nuna kusan bolt 12.6, in inji yana aiki kuma, awon ya kamata ya hau zuwa wajen 14. In bai hau ba, altaneta ce ba ta caji, ko fambel ya saki, kuma ko sabon batir ka saya kwana kaɗan zai mutu. Ku sani zafin bazara ne ke cinye batir a ƙasarmu, sanyin hunturu tona masa asiri kawai yake yi.

A nan ina jan kunne game da wata ɗabi'a ta bakin titi, wato cire kan batir inji yana aiki, wai a ga ko altaneta tana caji. A zamanin Fijo 504 an sha yi an kwana lafiya. Motocin yanzu kuwa suna da kwamfuta, abin da makanikai ke kira birenbos, kuma wannan gwaji yana iya ƙona ta. Kuɗinta ya ninka na awo sau ba adadi.

In fitilu suna nan tar amma ƙas ɗaya kake ji, zargi kik. Ƙwanƙwasa shi kaɗan da sufana yana iya tayar da kai yau, sai dai alama ce buroshinsa ya cinye, kuma mai wayarin zai sake buroshin ba sai an sayi kik sukutum ba. Mai otomatik ya tabbata giya tana kan P ko N, kuma kada ya tara 'yan turi, irin tasa ba ta tashi da turi.

Saura motar da injinta ke juyawa gir-gir-gir amma bai kama ba. Wannan batirinta lafiya lau. Mai ne ko tartsatsin fulogi. Buɗe makulli ba tare da ka tayar ba, ka saurari wajen tanki: famfon mai yakan yi 'yar ƙara ta daƙiƙa biyu ko uku. In shiru, duba fis tukuna, shi ne mafi araha a duk motar. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023 mutane da yawa sun koma shan lita biyu, lita uku, suna yawo da tanki kusan wayam. To famfon nan a cikin fetur yake zaune, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Rowar mai takan ƙare a sayen famfo, balle in an haɗa da gurɓataccen man bumburutu.

Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa goma, ka huta mata kafin ka sake. In kuwa ta kai ga makanike, gaya masa abin da kunnenka ya ji da abin da ka riga ka duba. Kafin ka biya kuɗin kowane kaya, ce ya gwada tsohon a gabanka, in an sake kuma ka karɓi tsohon ka tafi da abinka.