Kafin Ka Ɗaura Wa A-kori-kurarka Tirelar Kwana a Amurka

Da zarar zafi ya shigo a Amurka da Kanada, manyan hanyoyi kan cika da a-kori-kura masu jan tirelar kwana, ɗakin nan na tafi-da-gidanka mai gado da kicin da banɗaki. Baƙon da Allah ya hore masa Toyota Tacoma ko Ford Ranger ko Chevrolet Colorado, ba abin mamaki ba ne ransa ya biya, musamman mai iyalin da kuɗin otal ke hana shi kai su irin su Yellowstone. A yawancin jihohi lasin ɗin tuƙi na kowa da kowa ya isa a ja irin wannan tirela, ba wanda zai gwada ka kafin ka hau titi, don haka lissafin lafiyar tafiyar a wuyanka yake. Inda akasarin mutane ke kuskure kuwa shi ne sukan dubi nauyin da motar za ta iya ja, alhali abin da ke fara ƙarewa shi ne nauyin da za ta iya ɗauka. Duk wanda ya san jakin amalanke ya san abin da yake ja ya ninka abin da gadon bayansa zai jure.

Adadin da ake talla da shi babba ne: Ranger fam 7,500, Colorado har 7,700, Tacoma ta 2024 har 6,500, Honda Ridgeline 5,000. Ba ƙarya ba ne, an samo shi ne ta gwajin SAE J2807, har da hawan tudun Davis Dam a Arizona. Sai dai a gwajin ana ƙaddara mutum biyu ne kacal a motar, kowanne fam 150, bayanta kuma ba lodi. Adadin da ya shafe ka yana kan wata sitika mai ruwan ɗorawa da fari a jikin ginshiƙin ƙofar direba, wadda ke faɗin iyakar nauyin mutane da kaya a wannan motar taka, ba wata mai kama da ita ba. A irin waɗannan motoci sau da yawa yakan faɗo tsakanin fam 1,000 da 1,500. Wuyan tirela yana danna bayan mota da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta, kuma wannan ma daga cikin adadin sitikar ake cire shi. A ce sitika ta nuna 1,300, tirela da kayanta ta kai 6,000. Kashi 13 ya kama 780, ƙarfen haɗin tirela da mota ya ƙara kamar 80, saura 440. Maigida da uwargida da yara uku sun cinye wannan tun ba a ɗora buhun shinkafa da tukwane ba, ga shi kuma a takarda tirelar ba ta ko kai iyakar ja ba.

Wani zai ce dillali ya tabbatar masa motar za ta ja. Nauyin da dillali ke ambata galibi na tirela ce wayam yadda ta fito daga masana'anta. Galan ɗaya na ruwa fam 8.3 ne, tankin galan 40 kaɗai ya haura fam 330, ban da tukunyar gas da batir da abinci. Wani kuma zai ce ai akwai ƙarfen haɗi mai sanduna da ke rarraba nauyi. Yana da amfani ƙwarai, yana mayar da nauyi kan ƙafafun gaba har sitiyari ya daina shawagi, amma ba ya ƙara ko fam ɗaya a kan abin da kamfani ya rubuta, haka ma jakunkunan iskar da ake sa wa ƙafafun baya. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta wanda ya ga Hilux a gida tana ɗaukar ninkin ƙa'idarta ta isa lafiya. Gaskiya ne, amma lodin da ke zaune a bayan mota daban yake da dogon ɗakin da ke rataye a kan dunƙulen ƙarfe guda, iska na dukan gefensa, manyan motoci na wuce shi da gudun mil 70. A nan ne tirela ke fara lilo, kuma mota marar nauyi mai gajeriyar tazara tsakanin ƙafafunta ba ta da ƙarfin tsayar da ita. Idan lilon ya fara, riƙe sitiyari a miƙe, ɗaga ƙafa daga totur, ka matsa birkin tirela da hannu ta na'urar da ke kusa da sitiyari. Taka birkin mota da ƙarfi ƙara rura abin yake. Wannan na'ura ba ado ba ce: jihohi da yawa sun wajabta birki ga tirelar da ta wuce fam 3,000, Kalifoniya tun daga 1,500, kuma a can mai ja ba ya wuce mil 55 a awa.

Ba a ce sai ka sayi babbar mota ba. Daga sitika ake fara lissafi a komo baya: cire nauyin iyali da kaya da ƙarfen haɗi, abin da ya rage shi ne abin da wuyan tirela zai iya dannawa, shi zai nuna maka girman wadda za ka saya, kuma ga iyali sau da yawa amsar ba ta wuce fam 4,000 zuwa 4,500 da kayanta. Ajiye kamar kashi 60 na kayan a gaban ƙafafun tirela, gitta sarƙoƙin tsaro biyu da ke haɗa ta da mota a ƙarƙashin wuyanta, duba iskar tayoyi da safe kafin su ɗau zafi, a gangara kuma sauko da giya don kada birki ya ƙone. Sannan, ɗan'uwa, kafin tafiyar farko loda komai da kowa ka nufi sikelin CAT Scale a tashar manyan motoci. Da 'yan daloli za a ba ka takardar nauyin ƙafafun gaba da na baya da na tirela, ka gwada ta da abin da ke rubuce a ƙofar motarka.