Yadda Ake Gano Hujin Tub na Keke da Yi Masa Faci

Gabatarwa

Keke shi ne ƙafar manomi da malamin gona. Da shi ake kai taki gona, ake fitar da tumatir zuwa kasuwa tun kafin rana ta yi zafi. Idan iskar taya ta sauka a hanya, kaya kan lalace, aikin yini ya tsaya. Manoma da yawa suna yin faci, amma bayan kwana ɗaya iska ta sake fita, domin ba su nemo abin da ya huda tub ɗin ba.

Kayan Aiki

Famfo, liba biyu, sholisho, robar faci, takarda mai kaushi, da kwanon ruwa.

Gano Inda Iska Ke Fita

1. A fara duba bawul. A yi iska, a shafa masa ruwan sabulu. Idan ya yi kumfa, to robar bawul ce ta lalace, sai a canza ta. Ba a bukatar faci.
2. Idan bawul lafiya yake, a zare tub da liba, a ɗan yi masa iska, a riƙa tsoma shi cikin ruwa sashe-sashe. Inda kumfa ta taso, nan hujin yake. A sa masa alama.

Abin da Huji Ke Nunawa

- Huji guda ta bayan tub: ƙaya ce, kamar ta tsidau ko aduwa, ko kuma ƙusa.
- Huji biyu dab da juna: wili ne ya matse tub saboda ƙarancin iska da nauyin kaya.
- Huji ta ɓangaren wili: kan waya ne ya fito, ko robar da ke rufe wayoyin ta yage.
- Tsagewa a gindin bawul: faci ba ya riƙewa, sai sabon tub.

Yin Faci

A busar da wurin, a goge shi har ya yi kaushi. A shafa sholisho kaɗan, ya fi robar faci faɗi, a bar shi kamar minti 5 har ya daina sheƙi. Gaggawa a nan ita ke ɓata faci. A ɗora robar, a danne ta sosai. Kafin a mayar da tub, a bi cikin taya da yatsa a hankali, a cire duk ƙayar da ta maƙale. A ɗan yi iska kafin a rufe taya, don kada liba ta tsinke tub.

Shawara

A duba iska kowace safiya, musamman idan za a ɗauki buhu. A ajiye keke a inuwa, domin rana tana busar da roba. Ana shawartar malaman gona da su gwada wannan aiki a gaban manoma a taron ƙungiya.